Daniyel a Gidan Baƙi

Karatu: Daniyel sura 1, 2:12-24, 48-49, 6:1-11



Idan damina ta yi nisa, iyaye suna gona suna fama da ciyawa a cikin gero da dawa, akwai wata hira da takan tashi a tsakanin matasanmu, a shagon cajin waya, a bakin tasha a Birnin Kudu, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Za ka ji ana ambaton sunayen mutanen da ba 'yan Wurno ba ne, ba 'yan Gwaram ba, ba wanda ya taɓa ko gaisawa da su, amma ana musu a kansu kamar 'yan ɗaki ɗaya: wance munafuka ce, wane ya ci amanar wane, wa za a fitar ran Lahadi. Wani shirin talabijin ne da ake kira Big Brother Naija. Dattawa da yawa ba su san shi ba, tun da ba kowane gida ke da DStv ko GOtv ba, wutar ma sai ta ga dama. Sai dai guntayensa suna shigowa ta Facebook da TikTok da WhatsApp, wayar da ke aljihun yaro kuwa ba ta yin sallama ga mai gida kafin ta shiga.

Bari in fara bayyana shi, domin Baba da Mama su san abin da ake magana a kai. Akan tara samari da 'yan mata wajen ashirin ko fiye, waɗanda ba su san juna ba, kowa daga jiharsa, a kulle su a gida ɗaya a Legas har mako goma ko fiye. Ba waya, ba rediyo, ba labarin waje. Kyamara tana kowane lungu dare da rana, kowa kuma yana ɗauke da na'urar da ke ɗaukar maganarsa. Akwai wata murya da ba a ganin mai ita, suna kiranta Biggie, ita ke ba da umarni, ta sa aiki, ta yanke hukunci. Daren Asabar a kawo giya da kiɗa. Ga kuma ƙashin bayan wasan: a mafi yawan makonni akan kira 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya cikin wani ɗaki, kowa ya faɗi a asirce sunan wanda yake so a fitar. Masu kallo su jefa ƙuri'a, ran Lahadi da yamma a sallami wanda ya gaza. Wanda ya rage a ƙarshe shi ke kwashe kuɗin.

Ba a Najeriya aka ƙirƙiro shi ba. A 1992 tashar MTV ta Amurka ta zuba baƙi bakwai a gida ɗaya a birnin Niyok tana ɗaukar zamansu. A 1999 wani mai suna John de Mol ya fito da Big Brother a ƙasar Holan, ya ƙara kulle da korar 'yan gidan. Sunan kuwa an ɗauko shi daga wani littafi da George Orwell, marubucin Ingila, ya fitar a 1949, inda Big Brother azzalumin shugaba ne wanda idonsa ba ya barin kowa ya sake. Abin da marubuci ya rubuta domin gargaɗi, shi 'yan kasuwa suka mayar abin nishaɗi. A ƙasarmu an fara shi a 2006, Katung Aduwak, ɗan asalin Jihar Kaduna, ya ci dala 100,000. Aka yi shiru har 2017, sa'ad da aka dawo da shi ana ɗauka a Afirka ta Kudu, a 2019 aka mayar da gidan Legas. Kyautar ta tashi daga naira miliyan 25 a 2017 zuwa ta miliyan 85 a 2020, zuwa miliyan 120 a 2023. A 2020, lokacin kullen korona, masu shirin sun sanar cewa ƙuri'un da aka jefa sun haura miliyan 900. Na 2018 kuwa su da bakinsu suka raɗa masa suna Double Wahala, ba mu muka sa masa ba.

Na san wasu suna jira in ce kada a kalla, a rufe ɗan littafin nan a tashi. Zancen kallo yana zuwa. Amma akwai abin da ya fi shi nauyi. Wannan gidan na baƙi yana nan a zahiri, babu kyamara, babu kyauta, 'ya'yanmu kuma suna shigarsa kowace shekara. Yarinyar da ta sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse za ta kwana da mutanen da ba ta zaɓa ba. Mai yi wa ƙasa hidima zai yi mako uku a sansani irin na Fanisau tare da ɗaruruwan da bai taɓa gani ba, sa'an nan a tura shi wani gari. Saurayin da ya gama girbi ya tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas zai shiga ɗakin haya a Sabon Gari, ko Mararaba, ko Agege, mutum biyar ko shida a kan katifa biyu. A can ba Fasto, ba shugabar zumuntar mata, ba wanda ya san sunan ubansa. Me zai zama a wannan ɗakin? Wannan ita ce tambayar darasinmu, Littafi Mai Tsarki kuwa yana da labarin wani yaro da aka jefa cikin irin wannan gida.

Wajen shekara 605 kafin haihuwar Yesu, a zamanin sarki Yehoyakim, Nebukadnezzar ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kwashi kayan Haikali, ya kuma sa a zaɓo masa samari. Dubi irin waɗanda aka nema a aya ta 4: marasa lahani a jiki, kyawawa, masu kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda za su iya tsayawa gaban jama'a. Masu tantance 'yan gidan Legas ba su ƙara kome a kan wannan ba. Aka kai su Babila, birni mafi girma a lokacin, nesa ƙwarai da gida. Ezra da jama'arsa sun yi wata huɗu a wannan hanya sa'ad da suke komowa. Aka ajiye su a gidan sarki shekara uku, abinci daga teburin sarki, ruwan inabi daga tulun sarki, a ƙarshe kuma sarki da kansa zai gwada su ya ɗauki wanda ya ga dama. Ba su suka nemi shiga ba, wannan ne babban bambancin. Amma sauran duka ga shi: baƙon birni, baƙin abokan zama, ido a kanka, da gasa.

Abin da mutane sukan tsallake a wannan sura shi ne yawan abubuwan da Daniyel ya karɓa. An ce ya koyi harshen Kaldiyawa, ya koya. An ce ya karanta littattafansu, ya karanta har ya fi 'yan ƙasa. An sauya masa suna zuwa Belteshazzar, abokansa Hananiya da Mishayel da Azariya suka koma Shadrak da Meshak da Abed-nego, ba mu ga inda suka tayar da rigima ba, ko da yake sunayensu na asali suna ɗauke da sunan Allahn Isra'ila. Ɗan'uwa, ka lura da wannan da kyau. Akwai mai bin da in ya shiga ɗakin baƙi, kome sai ya zama yaƙi: kiɗan wancan zunubi, abincin wannan ƙazanta, harshensu hayaniya. Wannan ba halin Daniyel ba ne, taurin kai ne da aka sa wa rigar ibada. In ka je Legas ka koyi gaisuwar Yarbanci, ka ci amala, in sun kira ka aboki ka amsa. In a Dutse wani ya yi mamaki cewa kai Bahaushe ne kuma Kirista, ka amsa masa da fara'a, wataƙila bai taɓa zama da irinka ba.

A nan zan ɗan ratse. Kada wani ya karanta wannan ya ce abokin ɗakinsa Musulmi shi ne Babila. A Jiharmu ta Jigawa yawancin waɗanda za ka zauna da su Musulmi ne, da yawansu kuma sun fi ka ƙyamar abin da ake yi a gidan Legas. Wanda yake tashi da asuba cikin sanyin hunturu ya yi alwala, kai kana lulluɓe har bakwai ba ka ce wa Ubangiji kome ba, ba shi ne matsalarka ba. Sau da yawa wanda zai ja ka cikin rami sunansa Bitrus ko Maryamu, kuma ya iya waƙoƙin sujada duka.

To, a ina Daniyel ya ja layi? A kan abinci. Aya ta 8 ta nuna cewa a zuciyarsa ya fara yanke shawarar, kafin ya buɗe baki ga kowa. Malaman tauhidi sukan ba da dalilai uku. Wataƙila naman yana cikin waɗanda Shari'ar Musa ta hana, kamar yadda aka jera a Littafin Firistoci sura 11. Wataƙila an fara miƙa shi ga gumaka kafin a kawo. Na uku shi ne ya fi kama hankalina, domin Shari'a ba ta hana ruwan inabi ba, amma shi ma ya ƙi shi: a wancan zamani cin abincin teburin sarki ɗaukar alkawarin biyayya ne gare shi. Bahaushe ya riga ya faɗa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Daniyel ya yarda ya yi wa sarki aiki da gaskiya, bai yarda sarki ya mallaki cikinsa da lamirinsa ba.

Teburin sarki yana nan a kowane ɗakin haya. Shi ne abokin zaman da kullum shi ke sayen taliya da ƙwai, shi ke sa maka data, ba ka san sana'arsa ba, har ranar da zai ce ka ara masa asusunka na banki wani zai turo kuɗi. Ranar da jami'an EFCC za su bi sawun kuɗin, sunanka za su tarar, ba nasa ba. Shi ne wanda ya biya maka kuɗin haya, ranar jarrabawa ya ce ka shiga ka rubuta masa. Shi ne manyan ɗalibai da suka ce za su kare ka daga masu cin zali, ashe ƙofar ƙungiyar asiri suke buɗe maka. Shi ne ƙwayar taramol da abokin aikin gini zai miƙo maka kyauta don ka ji ƙarfi. 'Yar'uwa, shi ne mutumin da ƙawar ɗakinki ta ce yana da kirki, yana son taimakon 'yan makaranta ne kawai, ga waya sabuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake zuwa da fuskar mugunta. Yakan zo ne ranar da garin kwaki ya ƙare, kuɗin gida bai iso ba. Shi ya sa ba a ranar ake yanke shawara ba. Tun ran gini ran zane. Wanda bai san abin da ba zai ci ba tun yana Wurno, ba zai gano shi da yunwa a Mararaba ba.

Dubi kuma yadda ya ƙi. Bai kifar da kwano ba, bai yi wa kowa wa'azi a kai ba. Ya je wurin Ashfenaz, shugaban fadawan da ke lura da su, ya roƙi izini. Mutumin ya gaya masa gaskiya cewa yana tsoro, in sarki ya ga sun rame kansa ne zai tafi. Daniyel bai raina wannan tsoro ba. Ya koma wurin wakilin da ke ba su abinci ya kawo shawarar da ba za ta jefa kowa cikin hatsari ba: a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa, sa'an nan a duba fuskokinsu. Yaro ne, bawa ne, amma ya yi tunanin wuyan wanda ke tsaronsa. Mu da muke yawan addu'ar wuta a kan maƙiya, ya kamata mu daɗe a kan waɗannan ayoyi.

Yanzu ga inda gidan Legas da gidan Daniyel suka rabu sarai. Dokar wasan ita ce ba za ka ci ba sai sauran duka sun fita. Wanda kuka ci abinci a kwano ɗaya da safe, da yamma za ka shiga ɗaki ka faɗi sunansa. Ban ɗora laifin duka a kan yaran da ke ciki ba, haka aka gina wasan, kuma in an zauna lafiya ba mai kallo. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, to, masu shirin saɓanin suke sayarwa. Matashin da ya yi wata biyu yana shan wannan, sannu a hankali zai fara ɗaukar cewa haka ake zama da mutane: ka yi dariya da shi, ka riƙe sirrinsa don ranar buƙata.

Buɗe sura 2. Sarki ya yi mafarki, masu hikimarsa suka kasa faɗa masa, ya ba da umarni a hallaka su duka. Daniyel ya koma gida ya gaya wa abokansa uku, suka roƙi jinƙan Allah tare, aka bayyana masa asirin da dare. Ka tsaya ka yi tunani. Waɗannan masu hikima bokaye ne da masu duba, su ne abokan gasarsa a fada. Da ya so, da ya bari an gama da su, shi kaɗai ya rage. Amma a aya ta 24, maganar farko da ya yi wa Ariyok, wanda aka ba aikin kisan, ita ce a dakatar da kashe su. Da sarki ya ɗaukaka shi kuma, roƙonsa na farko shi ne a ba abokansa uku matsayi. Kada ka ɗauka an rama masa alherin: a sura 3 wasu Kaldiyawa ne suka kai ƙarar abokan nasa har aka jefa su tanderun wuta. Duk da haka ba mu ga ya sauya hali ba. In kana ɗaki ɗaya da mai shan giya, ko mai ɗauke maka sabulu, ko mai yi maka ba'a in kana addu'a, ranar da zazzaɓi ya kayar da shi kai ne za ka nemo mai babur ka kai shi asibiti. In mai gidan haya ya zo bincike, ka faɗi gaskiya, amma kada ka sayi zamanka da korar wani.

Sai zancen ido. A 2017 an kori wani saurayi daga gidan Big Brother bayan kyamara ta nuna ya taɓa jikin wata budurwa tana barci, ba da yardarta ba. Wannan ya faru a gidan da kowa ya san ana kallonsa. To, ina ga ɗakin da ba kyamara? Ya ku samari, wannan laifi ne a gaban Allah da gaban doka, ko an gani ko ba a gani ba. 'Yan mata kuma, in irin wannan ya same ku, ba ku ne da laifi ba, kada kunya ta rufe muku baki. Ku gaya wa wata uwa a ikkilisiya da kuka amince da ita.

Kyamara tana iya kama mutum, ba ta iya gyara shi. Abin da take koyarwa shi ne iya fuska biyu, ɗaya ta gaban jama'a, ɗaya ta ƙarƙashin bargo. Daniyel ma an sa masa ido. A sura 6, ya riga ya tsufa, shekara fiye da sittin bayan an kawo shi, Babila ta faɗi a 539, Dariyus yana mulki da hakimai 120. Abokan aikinsa suka bi diddiginsa suna neman inda ya ci amana ko ya yi sakaci, ba su samu ba. Suka sa aka kafa dokar hana addu'a kwana talatin. Ya hau ɗakinsa na bene, tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana. Ka lura da ƙarshen aya ta 10: haka ya saba yi tun dā. Bai buɗe tagar don a gan shi ba, bai kuma rufe ta don ana leƙensa ba. Hali zanen dutse, in ji Hausawa, mu kuwa mutanen Birnin Kudu mun san yadda zanen dutse yake, tun da shanun da mutanen dā suka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa suna nan har yau, ko an je kallo ko ba a je ba.

Game da kallon shirin kuwa, ba zan yi dogon bayani ba. Masu shi da kansu sun rubuta cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, saboda haka uban da ya bar shi a kunne a falo gaban yara ba shi da hujja. Kai babba kuma, ka lissafa kuɗin datar da ya ci maka a wata guda, ka auna shi da mudun gero. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa ka san sunan mutum ashirin a Legas da abin da kowannensu ya faɗa jiya, amma ba ka san gwauruwar da ke bayan gidanku ta kwana da zazzaɓi ba. A ganina ba tsiraicin ne kaɗai haɗarin ba. Akwai daɗin zama a kujerar alƙali, kana hukunta mutane daga nesa, kana murna da kukan wanda aka kora. Wanda ya saba da wannan daɗi yakan shigo da shi ƙungiyar mawaƙa da zumuntar matasa, mun kuwa ga abin da yake haifarwa.

Iyaye, kafin yaro ya hau mota a tasha, ba kuɗin mota da ƙullin yaji kaɗai yake buƙata ba. Ku zaunar da shi ku karanta sura ta 1 tare, ku bar shi ya faɗi da bakinsa abu biyu ko uku da ba zai taɓa ba ko da yunwa za ta kashe shi. Ku tambayi sunayen waɗanda zai zauna da su da garuruwansu. Ku karɓi wasiƙa daga Fasto zuwa ikkilisiyar da ke can, domin Daniyel yana da mutum uku da zai koma wurinsu da dare, naku ma yana buƙatar nasa. Ku kuma gaya masa sarai cewa in abin hannunsa ya ƙare ya kira gida, ba za a yi masa faɗa ba. Yara da yawa sun zauna a teburin da bai kamata ba saboda tsoron su ce wa Baba kuɗi ya ƙare.

Kai kuma da kake zaune da baƙi yanzu, ko wanda zai tafi bayan girbi, ka rubuta sunayen abokan ɗakinka a takarda, har da wanda ba kwa ga maciji, har da wanda ba addininku ɗaya ba. Ka zo da ita taron addu'a na tsakiyar mako, ko ka aiko wa shugaban matasa ta waya. Za mu ambace su ɗaya ɗaya a gaban Ubangiji.